Na je Damargu neman irin anza

Ƙarshen bazarar nan na shirya na tafi Damargu, can arewa da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, kuma ba kasuwanci ne ya kai ni ba, ba biki ba, irin anza na je nema. Na san 'yan birni da yawa ko sunan ba su taɓa ji ba, waɗanda suka san ta kuma sun san ta ne a matsayin abin da kakanni suka ci a shekarun yunwa. Ƙaramar itaciya ce mai rassa tun daga ƙasa, da wuya ta wuce tsayin mutum biyu, ganyenta mai kauri da tauri, kore shar rani da damina. Muna da wani fegi na gado a ƙauyenmu arewa da Kazaure, ƙasar ta gaji iska ta kwashe samanta, kuma ni da wayona na san zomo da fakara a wurin nan, yanzu ko na magani babu. Wani abokina ɗan Tanut, babban garin Damargu, mai harkar hatsi a kasuwar Dawanau shi ya matsa min lamba, ya ce kafin in ƙara zuba kuɗi a dashe in je in ga gonar kawunsa tukuna. Ya ce kuma in dai iri nake so to sai na taka da ƙafata lokacin da 'ya'yan ke nuna, don irin anza ba ya ajiyuwa.

Bayan sallar asuba na shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa da ke Kano, muka bi ta Kazaure da Daura har Kwangwalam, ba wani abin labari sai shingaye. A boda na canza kuɗi, kuma gaskiya a nan mutum yake gane halin da naira take ciki, jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, ta haura naira dubu biyu, ka miƙa damin kuɗi a miƙo maka 'yan takardu. An sake buɗe bodar a Maris na 2024 bayan rufewar da aka yi sanadin juyin mulkin 2023, lokacin da na je ana shiga ana fita, amma sai da katin shaida da katin rigakafi a aljihu. A wani shinge an sauke mu duka aka tsayar da mu cikin rana ana duba takardu ɗaya bayan ɗaya, wata tsohuwa da ba ta da kati sai da muka haɗa mata kuɗi sannan aka bar ta ta hau. Abin ya min ciwo, matar nan jikarta za ta gani a Matamai, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba.

Daga Ɗan Barto zuwa Matamai da Kance idona bai bar taga ba saboda gawo. Jama'a gawo ne a cikin gonaki ko'ina ka duba, manya da ƙanana, wasu ba su wuce gwiwa ba an gyara musu rassa an bar su. Wani malamin makaranta da ke gefena ya ce ai ba wanda ya dasa su, da kansu suke tsirowa manomi ya ƙyale su, shi ne abin da suke kira sassaben zamani, tun shekarun 1980 abin ya bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo ta wannan hanya. Na tuna yadda muke yi a gida, da an ce sharar gona sai a bi duk wani kututture da gatari a tara a cinna wuta, gonar da ta fi zama fayau ita ce ta manomin kirki. Tsakaninmu da su fa boda ce kawai, ƙasa ɗaya ruwa kusan ɗaya.

Muka haɗu da babban titi a Takeita, kafin la'asar muna Damagaram. Kuɗin mota daga boda jaka uku na biya. Na kwana a Zango wurin wani ɗan uwan abokina, mutanen kirki, aka kawo fura da nono mai sanyi da dare kuma tuwon gero. Abin da baƙo zai fara lura da shi a garin nan shi ne ruwa, jarkoki a jere a bakin famfo, 'yan garuwa suna ta kai da kawo, buta ɗaya aka ba ni kuma ta ishe ni alwala har da ragowa don na ga yadda masu gida ke tattalinsa. Da safe na leƙa Birni na ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun nan da gidaje suka kewaye, na zaga kasuwar Dole. A garin ne na fara cin anza a rayuwata. Akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da Josef Garvi ya kafa, suna sayen 'ya'yan itatuwan daji daga hannun matan karkara, anza da aduwa da magarya da sauransu, su sarrafa su sayar. Na sayi biskit na garin anza na ci, ba ɗaci ko kaɗan, na ƙara saye na saka a jaka saboda yara.

Motar Tanut sai da ta cika maƙil sannan ta tashi, jaka uku da rabi, tafiyar kusan kilomita 150 a kan hanyar Agadas. Wajen Bakin Birji muka wuce matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, tankoki a jere a bakin hanya. Daga nan itatuwa suka fara raguwa, ƙasa ta koma ja da fari, zafi kuwa ba a magana, iskar da ke shigowa ta taga ma ƙona fuska take. Ciyawa babu, shanu duk haƙarƙari a waje, itatuwan ƙaya sun zubar da ganye. Amma jefi-jefi sai ka hango wani dunƙule kore a tsakiyar fili, shi kaɗai, wani a kan suri. Na tambayi direba ya ce ai ita ce anzar da kake ta tambaya. Wallahi na daɗe ina kallo. A watan da komai ya bushe ƙurmus, ruwan sama na ƙarshe tun watan tara na bara, ita tana tsaye da ganyenta.

Kawun abokina ya turo ɗansa da babur ya ɗauke ni daga Tanut, muka nausa cikin rairayi, ƙauyen da ɗan nisa. Dattijo ne da ya manyanta amma da ƙarfinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce "Sannu da hanya ɗana, ka sha rana. A ba shi ruwa tukuna, magana sai ya huta." Ruwan daga wata rijiya mai zurfin gaske ake jawo shi, raƙumi ne ke jan igiyar yana tafiya can nesa kafin guga ta fito. A ƙofar gida na kwana kan tabarma don ɗaki ba ya shiguwa saboda zafi. Da dare wani Buzu maƙwabcinsu ya zo ya dafa shayi ya kawo cuku, aka yi ta hira, a garin akwai Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani kuma kowa na jin Hausa.

Da sassafe Baba, wato kawun abokin nawa, ya ce in taso mu je kafin rana ta yi. Gonar ba wata babba ba ce, amma tun daga nesa ta bambanta da na kewaye. Ya jera anza a kan iyaka, wasu kuma a warwatse a tsakiya, da 'yan aduwa da magarya da jiga. Abin da ya fara dukan kunnena kukan tsuntsaye ne. Duk hanyar da muka biyo shiru, muna isowa nan sai hayaniya, kurciyoyi, cilakowa, da wasu ƙananan tsuntsaye da ke ta rububin 'ya'yan da suka nuna. 'Ya'yan 'yan dunƙule ne ƙanana, ɗanye kore, in ya nuna ya koma rawaya, ka fasa ɓawon ka tsotse wani ruwa mai yauƙi da zaƙi, a ciki ga ƙwaya ɗaya zuwa huɗu. Baba ya tsinko ya ba ni, ya ce na sama na tsuntsaye ne, ba ya bari yara su kakkaɓe duka.

Sai ya ce in tsuguna in leƙa ƙarƙashin wata babba. Na tsuguna. Rassan sun sauko har ƙasa sun yi rumfa, ciki duhu-duhu da sanyi, rairayin da iska ta kwaso ya taru a gindin ya yi tudu, busasshen ganye ya rufe shi. Na sa hannu na ji ƙasar da sanyinta alhali a waje ba ka iya taka ta ba takalmi in rana ta ɗaga. Ga wani ɗan gurbi da aka kwanta aka lotsa, ga kashin zomo ƙwaya-ƙwaya a gefe, ga sawun fakara ya shiga ya fita, can gefe ramin kurege. Ya nuna min wani siririn sawu ya ce bushiya ce, da dare take yawo. Muna cikin haka daga gindin wata anzar can gaba zomo ya zabura ya yanka a guje, ni dai tsayawa na yi ina bin sa da ido har ya ɓace, don rabona da ganin zomon daji tun ina yaro.

A nan Baba ya faɗi maganar da ta tsaya min a rai. Ya ce "Ɗana, ku kuna son dogon icce mai inuwar zama. To zomo ba ya hawa sama. Zabuwa ba ta ƙwai a reshe. Naman daji a ƙasa yake, abin da zai ɓoye shi daga shaho da kare da rana yake nema." Gaskiya ce tsantsa. Mu a wurinmu in an ce dashen itace to darbejiya ce ko turare, a kawo su cikin leda a yi biki a ɗauki hoto, rabi su mutu kafin rani ya raba. Ba na kushe darbejiya, daga Indiya aka kawo ta kuma ta yi mana rana, inuwar garuruwanmu kusan duk ita ce. Amma je ka duba ƙarƙashinta, fili ne fetal, ba inda ɗan zomo zai laɓe. Ƙananan itatuwan nan da muke rainawa, anza da sabara da geza da magarya, su ne gidan namun daji, kuma su muka fi saurin sarewa.

Amfanin nata ga dabbobi bai tsaya kan mafaka ba. Lokacin sanyi take fure, sa'ad da furanni suka yi ƙaranci a daji, ƙudan zuma su yi ta zuwa. 'Ya'yan kuma sai ƙarshen bazara zuwa farkon damina suke nuna, daidai lokacin da daji ba komai, tsuntsu da dila duk suna samu. Akwai wani farin malam-buɗe-littafi da ke ƙwai a ganyenta, tsutsarsa ta ci ganyen wani lokaci har ta yi mata tas, tsuntsaye su kuma su ci tsutsar, anzar ta sake toho. Na tambaye shi ko ba ya fesa magani, ya ce a'a, ai ba ta mutuwa. Su tsuntsayen kuma suna biyan bashi, ya kai ni gindin wata aduwa inda suke yawan sauka ya nuna min 'yan anza ƙanana sun tsiro, ya ce waɗannan ba shi ya shuka ba, kashin tsuntsu ne.

Awaki da shanu ba su cika damuwa da ganyen ba saboda ɗaci, sai in rani ya tsananta su da raƙuma su ɗan taɓa, shi ya sa take tsira a inda wasu itatuwan ke ƙarewa. Baba ya ce mahaifinsa ya ba shi labarin jimina da mariri a dajin Damargu, shi kansa ya ga barewa garke-garke yana saurayi, yanzu sai an nausa arewa ko gabas wajen Tarmit. Fari na 1973 da na 1984 da bindiga da gatari suka haɗu suka cinye dajin. Bai ce anza za ta dawo da jimina ba, ya ce dai abin da ya rage a riƙe shi. Ɗansa ya kawo zancen gandun Gadabeji da ke yamma da su a jihar Maraɗi, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Na so in ƙarasa can amma iri ba zai jira ni ba.

Yadda ake shukar kuwa, sauƙinsa har mamaki ya ba ni. Ba leda, ba gandun reno, ba ban ruwa. Ka samo 'ya'yan da suka nuna sosai, ka cire ɓawo ka wanke yauƙin, ka shuka da ɗanyensa cikin 'yan kwanaki, in ya bushe ya mutu. A inda kake so ta zauna a nan za ka binne, ƙwaya biyu ko uku a rami, zurfin gaɓar yatsa, bayan ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu. Ba ta son a cire ta a dasa, don saiwa take fara turawa can ƙasa kafin ta damu da sama, shi ya sa shekarar farko da ta biyu za ka ga kamar ba ta motsi. Ya nuna min wata da ba ta kai tsawon tafin hannu ba ya ce ta kwana biyu a duniya. Sai ka kafa mata alama saboda masu noma kar su share ta da hauya, ka kewaye da ƙaya saboda takun dabbobi, shi kenan sai haƙuri, don 'ya'ya sai bayan shekaru. Ya ce wannan dabara ta shuka iri kai tsaye mutanen Eden Foundation ne suka yaɗa ta a yankin, suna da filin gwaji a Dalli kusa da Tanut tun ƙarshen shekarun 1980, suna ba manoma irin itatuwan gida kyauta. Shi ma da farko mutane dariya suka yi masa, wai wa ke shuka abin da ke fitowa a daji.

Da rana Inna, uwargidansa, ta nuna min aikin ƙwayar. Ɗanyarta ɗaci ne da ita mai tsanani kuma ba a ci haka, tana da illa. Sai an shanya an sussuke, a jiƙa a ruwa ana zubarwa ana sakewa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Ta ce "Ɗan nan, aikin ruwa ne, kuma ka ga yadda ruwa yake a garin nan." Ta zubo min dafaffiya da mai da yaji da ƙuli-ƙuli, a baki kamar wake, na cinye kwanon tas. Ganyen kuma suna sa shi a rumbu saboda ƙwarin hatsi, ɓawon iccen ana jefa shi a ruwa mai laka ya kwanta. Na tambaye ta maganar da ake yi cewa abincin yunwa ce, ranta ya ɗan sosu, ta ce su ko shekarar da rumbu ya cika suna ci. A 2005 da aka yi ƙarancin abinci a Nijar 'yan jaridar waje sun ga mutane na cin anza suka watsa wa duniya cewa guba ake ci, alhali mutanen nan sun san yadda ake gyara ta tun kaka da kakanni. A Sudan ma lokacin farin 1984 zuwa 1985 ita ta riƙe ɗimbin jama'a a Darfur da Kordofan. Itaciyar da ta yi wa mutane wannan rana bai kamata a riƙa jin kunyar ambatonta ba, ni a ganina.

Ranar da zan taho yara suka tsinko min 'ya'yan da suka nuna, Baba ya zaɓa da hannunsa daga itatuwan da ya ce sun fi yawan haihuwa, aka zuba a ƙaramin buhun algarara aka yayyafa ruwa. Ya ce kar in sa a leda zai gumu ya ruɓe, kar kuma in tsaya yawo a hanya. Na ciro kuɗi ya ɓata rai, ya ce iri ba a sayar wa baƙo, sai dai na ba Inna da yara abin da ya sauwaƙa. A daren hadari ya haɗu ta gabas aka yi iska mai ƙura sannan yayyafi, shamuwa kuma tun tuni ta iso.

Dawowa a gurguje na yi ta, Damagaram kwana kawai. A wani shinge kafin boda wani jami'i ya ce in buɗe buhu, gabana ya faɗi don na ɗauka za a ce ba a wucewa da shi. Yana leƙawa sai ya yi murmushi ya ce "Anza? Malam ina za ka da wannan?" Na ce shukawa zan yi. Ya ɗauki ɗaya ya fasa ya tsotse, ya ce kakarsa ke dafa musu suna yara, ya ɗaure min buhun da kansa ya ce Allah ya raya.

Ban ƙarasa Kano ba, ƙauye na wuce kai tsaye, kuma na tarar an yi ruwan shuka. Washegari ni da ƙanena da yaransa muka bi iyakar fegin ta gabas da arewa inda iska ta fi bugowa muka binne, ragowar muka zuba a gindin wani tsohon suri da wuraren da gero ba ya yi. Na kuma ce kar wanda ya ƙara taɓa sabarar da ke tohowa a ciki. Ƙanena bai gamsu ba, yana ganin za ta ci wurin hatsi, muka yi da shi cewa tsakiyar gona tasa ce iyaka tawa. Da na koma dubawa wasu sun fito da 'yan ganye bibbiyu, wasu ramukan shiru, wasu kuma gafiya ta tone. Mun sa ƙayar magarya a kan waɗanda suka fito. Abin da ya rage yanzu maganar kaka ce in an saki dabbobi, da samarin da ke fita farauta da karnuka suna cinna wa daji wuta, na riga na je wurin mai unguwa kan haka kuma ya ce a bari a gama girbi a tara mutane a zauna.